Zaɓen Sassan Kwamfutar Tace Hoton Bidiyo ga Mai Ƙaramin Jari a Rano da Kibiya

Gabatarwa

A garuruwan Rano da Kibiya da ƙauyukan da ke kewaye da su, a kudancin Jihar Kano, da wuya a yi biki ko suna ko walimar saukar Alƙur'ani a yau ba a ga wani matashi riƙe da kyamara ko wayar hannu yana ɗaukar hoton taron ba. Haka abin yake a wajen wa'azi da taron siyasa da hawan Sallah. Duk da zafin rana da turereniyar jama'a, ɗaukar hoton shi ne ɓangare mai sauƙi na wannan sana'a. Babban aiki yana zuwa ne bayan taro ya watse, lokacin da za a zauna a tace hoton, watau a yanke abin da ba a so, a jera saura bisa tsari, a gyara launi da sauti, a sa rubutu, sannan a fitar da shi a miƙa wa mai taro. Wannan aiki kuwa ba ya yiwuwa sai da kwamfuta, watau na'ura mai ƙwaƙwalwa.

Sanin kowa ne cewa sassan kwamfuta daga waje ake shigo da su, kuma da dala ake sayo su. A watan Mayu na 2023 ana canjin dala ɗaya a hukumance a kan kimanin naira 460, amma zuwa watan Fabrairu na 2024 ta haura naira 1,500. Saboda haka matashin da ya tara jarinsa daga noma ko ɗinki ko aikin acaɓa ba shi da damar yin kuskure sau biyu. Abin da zai tsare masa jarin nan shi ne ya amsa tambayoyi biyu tun kafin ya hau motar Kano: wane irin hoto ne zai riƙa tacewa, kuma da wace irin wuta zai kunna na'urar? Daga amsar waɗannan tambayoyi ne zaɓen kowane sashe yake fitowa.

Daga kaset zuwa kwamfuta

Masana tarihin finafinan Hausa, irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero, sun nuna cewa fim ɗin Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, shi ne ya buɗe ƙofar sana'ar fim ɗin bidiyo ta Hausa. A wancan zamani akan tace hoto ne da akwatunan bidiyo biyu, ɗaya yana nunawa ɗaya yana naɗa a kaset. Idan aka gama aka ga kuskure a tsakiya, sai an sake naɗin daga wurin, kuma duk lokacin da aka kwafi kaset daga kaset, hoton yakan ƙara dusashewa.

Kwamfuta ta kawar da waɗannan matsaloli biyu, domin ita tana ajiye hoto ne a matsayin lambobi, lamba kuwa ba ta dusashewa don an kwafe ta. Manhajar Adobe Premiere ta fito a 1991, ƙaramin kaset na MiniDV kuma ya biyo baya a 1995. Sai dai sauƙin ya zo da nasa nauyi, domin awa guda ta hoton MiniDV tana cin gigabait 13, abin da ya fi ƙarfin rumbun ajiyar kwamfutoci da yawa na wancan lokaci. Har yanzu wannan nauyi shi ne tushen duk wata shawara game da sassan kwamfutar tace hoto.

Me ya sa hoton bidiyo yake da nauyi?

Abin da ido yake gani yana motsi a bidiyo hotuna ne tsayayyu da ake nunawa a jere da sauri, guda 25 ko 30 a kowace daƙiƙa. Kowane hoto kuma an gina shi ne da ƙananan ɗigogi masu launi. A ma'aunin da ake kira 1080, hoto ɗaya yana da ɗigo 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye, watau ɗigo 2,073,600 ke nan. Kowane ɗigo yana buƙatar lambobi uku, na ja da na kore da na shuɗi. Idan aka lissafa, hoto ɗaya ya kai megabait 6, daƙiƙa ɗaya ta kai megabait 155, awa guda kuwa ta kai gigabait 560. Ma'aunin 4K ya ninka wannan har sau huɗu.

Katin memorin kyamara na yau da kullum ba zai jure wa irin wannan lodi ba, don haka kyamarori da wayoyi suke matse hoton kafin su ajiye shi. Tsare-tsaren matsewa biyu ne suka fi yaɗuwa: H.264, wanda aka kammala a 2003, da H.265, wanda aka kammala a 2013. Dabararsu ita ce su ajiye cikakken hoto ɗaya, sannan a hotunan da ke biye su rubuta abin da ya canza kaɗai. Alal misali, idan liman yana zaune yana ɗaura aure, bangon da ke bayansa ba ya motsi, saboda haka ba a sake rubuta shi. Leɓɓansa da hannunsa kawai ake bi. Ta haka awa guda takan sauko daga gigabait 560 zuwa kimanin 11.

Amma abin da aka ƙulle sai an kwance shi. Duk lokacin da edita ya ja hoto baya ko ya tsaya a wani wuri, dole kwamfuta ta koma ga cikakken hoton da ya gabata, ta sake gina duk waɗanda ke tsakani, cikin ƙiftawar ido. Wannan kwancewa ita ce ke sa hoto ya riƙa sarƙewa yana tsalle a raunanar kwamfuta, kuma H.265 ya fi H.264 wahalar kwancewa nesa ba kusa ba. Wanda zai sayi kwamfuta, to, ya fara duba kyamararsa ko wayarsa ya ga da wane tsari take naɗa, kuma a wane ma'auni.

Furosesa

Furosesa ita ce ƙwaƙwalwar na'urar, inda ake yin lissafi. A cikinta akwai ƙwayoyin lissafi da ke aiki tare kamar 'yan gayya a gona, kuma ga aikin tace hoto na 1080, guda shida sun wadatar. Kuskuren da ya fi yawa a kasuwa shi ne sayen suna. Mai saye yakan ji an ce i7 ya ɗauka ta fi kowace i5, alhali kamfanin Intel yana fitar da furosesa ne zubi-zubi, kuma lamba ɗaya ko biyu na farko bayan sunan su ke nuna zubin. Furosesa i7-3770 'yar zubi na 3 ce, ta 2012, mai ƙwayoyi huɗu. I5-8400 kuwa 'yar zubi na 8 ce, ta 2017, mai ƙwayoyi shida, kuma ta fi waccan aiki.

Akwai wani dalili da ya fi yawan ƙwayoyi muhimmanci. Tun daga 2011 Intel yake dasa wani ƙaramin sashe a cikin furosesa mai suna Quick Sync, wanda ba shi da aiki sai matse hoto da kwance shi. Daga zubi na 6 ne wannan sashe ya iya kwance H.265 gaba ɗaya, zubi na 7 kuma ya ƙara da nau'insa mai zurfin launi da sababbin wayoyi suke naɗawa. Tsohuwar i7 ba ta da wannan, sai ta yi aikin da ƙarfin tuwo, ta yi zafi, hoto kuma ya riƙa tsayawa. Har ila yau, kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuwa a ƙa'ida ba ya karɓar yawancin furosesar Intel da ke ƙasa da zubi na 8. Bisa ga haka, zubi na 8 shi ne iyakar da bai kamata a sauka ƙasa da ita ba.

A lura da harafin F a ƙarshen lamba, kamar a i5-9400F ko i5-12400F. Irin waɗannan sun fi araha ne domin ba su da sashen hoto na ciki, saboda haka ba su da Quick Sync, kuma ba za su nuna komai a allo ba sai an sa katin hoto na daban. Haka Ryzen 5 5600 ta kamfanin AMD take. Tana da ƙarfi, amma tana buƙatar kati, saɓanin 'yar'uwarta 5600G. Sannan kowace furosesa tana da irin madabod ɗinta, watau babban allon da ake dasa sauran sassa a kansa, don haka tare ake zaɓensu.

Ram

Idan furosesa tela ce, to ram ita ce teburin yanka. Nan ake shimfiɗa abin da ake aiki a kansa a lokacin, kuma da an kashe na'ura sai ta koma wayam. Idan teburin ya yi kaɗan, sai kwamfuta ta riƙa kai da kawowa tsakaninsa da rumbun ajiya, aiki ya yi ta jan ƙafa. Kamfanin Adobe yana ba da shawarar gigabait 16 ga hoton 1080, da gigabait 32 ga na 4K. Kwamfutocin hannu da yawa da gigabait 8 suke zuwa, don haka a sa kuɗin ƙari a cikin lissafi tun farko. Ya fi kyau a sa sanduna biyu masu gigabait 8 a kan sanda ɗaya mai 16, domin furosesa tana iya ɗiba daga biyun a lokaci guda. A kuma sani cewa DDR3 da DDR4 da DDR5 ba sa shiga ramin juna. Kwamfutocin zubi na 8 DDR4 suke ɗauka.

Rumbun ajiya

Rumbun ajiya iri biyu ne. Akwai tsohon iri mai faifai da ke juyawa a ciki, wanda yakan karanta megabait 150 zuwa 200 a daƙiƙa, da kuma SSD, wanda babu abin da ke motsi a cikinsa. SSD na layin SATA yakan kai megabait 550, na layin NVMe kuwa yakan haura 3,000. Babu wani canji mai araha da ke farfaɗo da tsohuwar kwamfuta kamar sauya faifai da SSD.

Tsarin da ya dace da mai ƙaramin jari shi ne ya haɗa biyun. SSD mai gigabait 500 zai ɗauki Windows da manhaja da aikin da ake kai, faifai mai terabait 2 kuma ya zama rumbun ayyukan da aka gama, tun da shi ya fi araha a kan kowane gigabait. Biki ɗaya da aka ɗauka da kyamara biyu, kowace awa huɗu, yana iya cin gigabait 90. A nan ne kuma amanar jama'a take. Furosesa idan ta ƙone akan sayi wata, amma ɗaurin aure ba a maimaita shi. Saboda haka kada a goge katin memori sai hoton ya kasance a wurare biyu daban-daban, kuma faifan waje na biyu yana cikin sassan kwamfutar da dole a saya.

Katin hoto

Katin hoto shi ne sashen da ya fi cin kuɗi da wuta, shi ne kuma aka fi zuga mai saye a kansa, domin masu wasannin kwamfuta shi suke nema. Aikinsa a wajen tacewa shi ne gyaran launi, da daidaita hoton da ya girgiza, da rage dishi-dishin hoton dare. Wanda aikinsa yanka da jerawa da sa rubutu ne a ma'aunin 1080 yana iya farawa ba tare da shi ba, ya dogara da sashen hoton da ke cikin furosesa. Manhajar da za a yi amfani da ita ma tana da ta cewa: DaVinci Resolve, wadda ke da nau'i na kyauta, tana jingina ƙwarai da katin hoto, yayin da Shotcut da Kdenlive, su ma na kyauta, suka fi jingina da furosesa.

Idan za a sayi kati, GTX 1650 na kamfanin NVIDIA, wanda ya fito a 2019, misali ne na daidai ruwa daidai tsaki. Yana da ma'ajiyar kansa ta gigabait 4, yana kwance H.264 da H.265, kuma wat 75 kawai yake ja, har da yawa daga cikin nau'o'insa ba sa buƙatar wata wayar wuta ta daban. RX 580 kuwa, wanda ya cika kasuwar kayan hannu bayan da tsarin kuɗin intanet na Ethereum ya daina amfani da katunan hoto a watan Satumba na 2022, wat 185 yake ja, kuma da yawansu sun yi shekaru suna aiki dare da rana.

Akwai kuma wata dabara da ke maye gurbin kati mai tsada. Manyan manhajojin tacewa suna iya yin ƙananan kwafi marasa nauyi na hoton, a yi duk yanke-yanke da su, sai a lokacin fitarwa manhajar ta koma ga na asali. Da wannan dabara kwamfuta matsakaiciya takan tace hoton 4K. Abin da za a biya kawai shi ne lokacin jira.

Wuta da zafi da ƙura

Shawarwarin da ake samu a intanet galibi an rubuta su ne don ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa. A Rano da Kibiya, kamar sauran yankunan da kamfanin KEDCO yake raba wa wuta tun 2013, mai sana'a yakan haɗa da janareta ko sola, kuma tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kowane wat yana da farashi. Ga lissafi mai sauƙi. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yana riƙe da wat-awa 2,400, amma idan na dalma ne, rabin wannan kawai ya kamata a sha don kada ya mutu da wuri. Idan aka cire abin da inbata take ɓatarwa, saura kimanin wat-awa 1,000. Kwamfuta mai furosesa ta wat 65 da kati na wat 75, haɗe da allo da sauran sassa, takan ja kusan wat 200 idan aiki ya yi nauyi, watau awa biyar ke nan. Wadda ke jan wat 400 kuwa awa biyu da rabi za ta yi. Wanda ya sayi babban kati, ashe ya ɗora wa kansa sayen batir na biyu.

Sashen da ke karɓar wutar bango ya raba wa sauran sassa, wanda masu gyara suke kira fawa-fak, ba wurin neman araha ba ne, domin idan ya lalace yakan tafi da madabod da rumbu. A nemi mai tambarin 80 Plus, wanda ke nuna cewa aƙalla kashi 80 cikin 100 na wutar da ya ja tana isa ga sassa, saura ne kawai ke zama zafi. Haka kuma UPS wajibi ce, ko da ta minti goma ce, don a samu a adana aiki a kashe na'ura cikin natsuwa. A tuna cewa lambar da ke jikinta ba wat ba ce; mai lamba 1,000 sau da yawa wat 600 take iya ɗauka.

A watannin Maris da Afrilu da Mayu zafin rana a ƙasar Kano yakan kai digiri 40. Furosesar Intel idan ta doshi digiri 100 takan rage gudunta da kanta don kada ta ƙone, sai mai ita ya ga aiki ya yi sanyi bai san dalili ba. Ƙurar hunturu kuma takan toshe fanka da ramukan iska. Maganin ba shi da tsada: a ɗora akwatin a kan tebur, kada a ajiye shi a ƙasa, a bar sarari a bayansa, a riƙa hure ƙurar lokaci-lokaci, a sabunta man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ta, sannan a bar fitar da dogon aiki sai da dare ko da asuba.

A kasuwa

Mafi yawan masu wannan sana'a a Kano suke sayayya, a titin Beirut da kewayensa, wasu kuma su yi saƙo daga kasuwar Computer Village ta Ikeja a Legas. Hanya mafi araha ita ce a sayi kwamfutar ofis ta hannu, irin su Dell OptiPlex ko HP ProDesk ko Lenovo ThinkCentre, a ƙara mata ram da SSD. Sai dai a zaɓi mai babban akwati, domin siririyar ba ta ɗaukar kati sai gajere, fawa-fak ɗinta ƙarami ne, kuma sau da yawa kamfanin ya yi masa mahaɗi nasa na kansa wanda na kasuwa ba ya shiga.

Hausawa sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma wannan bai hana a duba girman hudar ba. Akwai ƙananan manhajoji na kyauta da za a iya zuwa da su a filash. CPU-Z tana nuna ainihin furosesa da ram da ke ciki, ko da takardar da aka manna a jiki ta faɗi wani abu daban. GPU-Z tana taimakawa wajen gane katin jabu. CrystalDiskInfo tana nuna lafiyar rumbu da yawan awoyin da ya yi yana aiki. Gwajin da ya fi duka shi ne mai saye ya zo da hoton minti goma daga kyamararsa, a buɗe shi a shagon, a ja shi gaba da baya, a fitar da shi, yana sauraron ƙarar fanka. A kuma rubuta sharaɗin mayarwa a jikin rasit, domin komawa Kano daga Kibiya kuɗin mota ne da asarar yini guda.

Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a ga cewa jerin sayayya ga mai tace hoton 1080 yana da tsari. A fara da kwamfuta mai furosesa i5 ta zubi na 8 ko sama, mai sashen hoto na ciki. A cika ram zuwa gigabait 16, a sa SSD, a tanadi faifai biyu na ajiya, a sayi UPS. Katin hoto shi ne na ƙarshe, a bari sai sana'ar ta biya kuɗinsa da kanta, kuma sai an tabbatar wutar da ake da ita za ta ɗauke shi. Idan kuɗi ya ragu, abin sauraro na kunne mai kyau ya cancanci a saya, domin masu taro sukan yafe hoto mai ɗan duhu amma ba sa yafe hudubar da ba a ji.

Zai yi kyau cibiyoyin ilimi na yankin, irin su makarantar fasahar karkara da koyar da sana'o'i ta Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano da ke Rano, su riƙa shirya gajerun kwasa-kwasai kan haɗa kwamfuta da kula da ita. Matashin da ya iya buɗe akwatin ya sauya ram ko ya share fanka da hannunsa ya rage wa kansa zirga-zirga, kuma hotunan bukukuwa da hawan Sallah da yake ajiyewa a yau su ne za a nema nan gaba idan ana son ganin yadda Rano da Kibiya suke a wannan zamani.